Birki Na Biyu

Idan ka ga mutum a unguwar nan yana tuƙi hannu biyu a kan sitiyari, yana duba madubi sau biyu kafin ya kauce wa ko da leda ce, kada ka wahalar da kanka da tambaya, a motar Malam Birki ya koya. Shekara talatin da ɗoriya Malam yana koyar da tuƙi da mota ɗaya tal, wata 'yar ƙaramar aba mai ƙofa uku, biyu a gefe, ɗaya a baya wadda ake ɗagawa sama. Ba ta da dogon baya irin na manyan motoci, inda kujerar baya ta ƙare nan motar ma ta ƙare. Asalinta shuɗiya ce, amma rana da wanki sun cinye fentin har ya koma wani launi da ba shi da suna. 'Yan unguwa Gwangwani suke ce mata. Shi kuwa Malam 'Yar Albarka yake kiranta, kuma in ka kuskura ka ce Gwangwani a gabansa, to ranar ka yi asarar gaisuwarsa.

Tun daga masana'anta ba don masu hali aka ƙera ta ba. Ba na'urar sanyi, gilashi da hannu ake murza shi, sitiyarin kuwa in tana tsaye sai ka ci ka ƙoshi kafin ka juya shi. Rediyonta ya mutu tun yaran Malam suna firamare. In manya huɗu suka shiga sai ta durƙusa, ta riƙa hawa tudu tana nishi, masu keke suna wuce ta suna ɗaga hannu. Amma a zo maganar mai, to nan fa Malam yake gyara zama. "Ai ba shan mai take yi ba," in ji shi, "sunsuna shi take yi." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Yakan yi kwana da kwanaki yana zagaya gari da ɗalibai allurar mai ba ta ko motsa ba, har wani ɗalibi ya taɓa rantsuwa cewa allurar ce ta lalace. Malam bai yi masa magana ba sai da suka rabu.

Abin da ya bambanta ta da sauran ire-irenta yana ƙasa, a gaban kujerar gefen direba, wadda ake ce wa ta mai zaman banza. Wata feda ce ta birki, ta biyu, wadda abokinsa Bakanike ya ɗaura masa tun makon da ya sayi motar, ya haɗa ta da ta direba da sandar ƙarfe, yadda in an taka ɗaya duka biyun suke sauka. A kan wannan fedar ƙafar Malam ta yi rayuwarta. Ba ta taka ba, ba ta kuma sauka ba, tana nan a sama kaɗan tana jira. Daga nan sunansa ya samo asali. Abin ya bi jikinsa har in ya shiga motar haya, direba yana kusantar mahaɗa, sai ka ji dum! Malam ya taka ƙasan motar mutane. Matarsa ta ce ko a barci ƙafar nan takan taka katifa, ita ce shaida.

Malam ba ya ba da takardar kammalawa. Yana da tasa hanyar. Ranar da ransa ya kwanta da tuƙin ɗalibi, ana cikin tafiya, ba tare da ya ce uffan ba, sai ya sunkuya ya cire takalmin ƙafar birkin, ya naɗe ƙafar a kan kujera, ya juya yana kallon waje ta taga. Shi ke nan, ka iya. Manyan mutane sun yi hawaye saboda wannan takalmin. Wani ɗan kasuwa don murna ya saki kuloci mota ta mutu a tsakiyar titi, Malam ya mayar da takalminsa a nutse, aka ƙara mako biyu. Bai taɓa cire shi don kunya ko alfarma ba. Ɗansa na fari, wanda ake kira Babba, sai da ya yi wata uku cur, yana kuka uwarsa tana roƙo, Malam ya ce ko shekara za a yi, ba zai saki ɗansa a titi ya je ya kashe 'ya'yan mutane ba. Shi ya sa har yau a unguwar in ana shakkar tuƙin mutum sai a ce, "Kai, an cire maka takalmi kuwa?"

Kafin wannan sana'a direban wani kamfanin rarraba kaya ne. Da kamfanin ya rufe, abokan aikinsa suka watse neman manyan motoci, shi kuwa ya je ya ɗauko wadda kowa ya raina a wurin masu sayar da na hannu, don ita ce aljihunsa ya iya ɗauka. Da ita ya ciyar da gida, da ita yara huɗu suka yi karatu, a kujerar bayanta aka kai matarsa asibiti haihuwar auta.

Matar tasa, Maman Babba, tela ce. Kekenta na ɗinki irin na ƙafa ne, yana ɗakin gaba kusa da taga, kuma tun safe ake jin ƙararsa har layi. Ita ta ɗinka wa motar rigunan kujeru, sau huɗu tana sabunta su. Ta san faɗin kowace kujera da tsawonta, amma ba ta taɓa zama a ta direba ba. Makon da aka kawo motar ta ce, "Malam, ni ma a koya mini mana." Ya ce, "Gobe." Bayan shekara ta sake tambaya, ya ce gobe. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Kullum akwai ɗalibi yana jira a ƙofa, ita kuwa tana gida, ba inda za ta, sai ya ga ai ba sauri. Daga baya ta daina tambaya, shi ma ya manta an taɓa yi.

Abin ya fara ne da ginshiƙin ƙofar gida. Wata safiya yana fitowa da ribas, ta hanyar da ya bi sau dubu nawa, sai ji kake ƙiii, ya goge gefen motar. Ya fito ya tsaya yana hararar ginshiƙin kamar shi ne ya matso. Bayan kwana biyu ya yi ƙwallo da bokiti a tsakar gida. Sai kuma Maman Babba ta lura in ta miƙo masa kofin shayi ta gefe, hannunta yakan gaji bai karɓa ba, sai ta kawo shi gabansa sosai. Ta kira Babba a waya.

Likitar idon da suka samu, ashe ɗalibarsa ce. Ita ta fara gane shi, ta miƙe tsaye tana gaishe shi. Ta sa shi ya leƙa cikin na'ura, ta ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna maɓalli. Malam ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Da aka gama ta jawo kujera kusa da shi, ta yi ta juya biro a hannu.

"Baba," ta ce, "kai ka koya mini cewa abin da ke kashe direba ba daga gaba yake zuwa ba, daga gefe ne. To gefen ne ya tafi. Hawan jinin ido ne. Abin da ya rage za mu riƙe shi da magani in Allah ya so, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Yanzu kamar ta cikin bututu kake kallon duniya."

"To tuƙi fa?"

Ta girgiza kai, idonta ya cika.

Ya sallami ɗalibansa uku da suka rage, ya tura su wurin wani. Amma kwana biyu bayan haka Babba ya zo da rana ya tarar da shi a kujerar direba, inji yana aiki, ƙofar gida a buɗe. Malam ya ce ɗumama ta kawai yake yi. Wataƙila ma gaskiya ne. Babba dai bai yarda ba, kuma ba za a ga laifinsa ba, don ya san ubansa. Ranar Babba ya tuƙa motar da kansa ya kai ta garejin Bakanike, can ƙarshen layi kusa da filin tsohuwar masana'antar da aka rufe, ya dawo suka zauna su uku a ɗakin ɗinki.

"Baba, na yi magana da masu sayen tsofaffin motoci," in ji Babba, kansa a ƙasa. "Ƙarshen wata za su zo su ɗauka. Duk inda kake son zuwa ka kira ni."

Malam ya san masu sayen nan. Ba hawa suke yi ba, yankawa suke yi, su sayar da inji daban, ƙofa daban, sauran a auna a sikeli. Ya kuma san "ka kira ni" ɗin ɗan da yake fita aiki tun safe sai yamma. Ya hango kansa a kan benci a ƙofar gida daga safe har la'asar, yana jiran wani ya tuna da shi. Ya dubi ɗansa.

"Lafiyarta ƙalau fa, Babba. Ko hayaƙi ba ta yi."

"Na sani, Baba. Amma mota ba mai tuƙa ta, ajiye ta a gabanka jaraba ce. Wata rana za ka ce bari ka je nan kusa."

Keken ɗinki ya tsaya. Maman Babba ta ciji zare ta tofar.

"Wa ya ce ba mai tuƙa ta?"

Suka juyo suna kallonta, uba da ɗa.

"Mama, shekarunki fa..."

"Shekaruna sun hana ni zura zare a allura ne? Ina ganin ramin allura ba gilashi, sai titi ne zai gagare ni? Ga mai koyarwa a gida yana zaman banza, ga mota, ga fili."

Babba ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa. Ya yi tunani, can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya. A fili kawai za a yi, motar kuma a gareji za ta riƙa kwana, makulli a hannun Bakanike. In kafin ƙarshen wata Baba ya cire wa Mama takalmi, mota ta dawo gida, a je a nemi lasisi. In bai cire ba, a ɗauka. Yaron da wayo, ya san duk duniya abu ɗaya ne ubansa ba zai yi ƙarya a kai ba, ko da kuwa motar ce za ta tafi.

Haka suka fara. Kullum da safe sai ka gan su sun miƙi layi, tana gefensa tana riƙe da bakin hannun rigarsa a fakaice don kada a gane jagora take yi masa. Bakanike ya fito da motar fili, ya jera musu tsofaffin tayoyi, ya koma ƙarƙashin rumfarsa ya zauna kallo, don shi bai ga abin da zai sa ya rasa wannan ba.

Ranar farko 'Yar Albarka ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ƙafar da ta yi shekara arba'in a kan keken ɗinki ba ta san a taka a riƙe ba, ita dai gaba da baya ta sani. Maman Babba ta ɗora ta a kan totur ta shiga kaɗawa, mota ta riƙa zabura tana tsayawa, zabura tana tsayawa, kan Malam yana gaisawa da gilashi.

"Maman Babba! Ba zani kike ɗinkawa ba! Taka ki riƙe!"

"To ai ka ce in ba ta mai!"

"Na ce ki ba ta, ban ce ki yi mata wasa da shi ba. Kin san man da kika ƙona yanzu?"

Bakanike yana can yana riƙe ciki. Amma kada ka raina tela. Ƙafar da ta san daidai inda keke yake kamawa ba ta daɗe ba ta gane inda kuloci yake kamawa. Kwana huɗu ta daina kashe mota. Mako guda tana sa giya ba ƙara. Ribas kuwa, wanda yake sa maza gumi, ta shige tsakanin tayoyi biyu kamar tana bin layin alli a kan yadi. Malam da kunne yake bin ta, don kunnensa bai tafi ko'ina ba, kuma injin nan ya fi sanin muryarsa fiye da ta 'ya'yansa. Ya ji yadda take sauya giya a kan lokaci ba ta bari inji ya yi kuka, ya ce a ransa, wannan ko cikin ɗari ba a samun biyar irinta. A fili kuwa cewa ya yi, "Da saura."

Matsalar ba daga wurinta take ba. Suna cikin tafiya lafiya lau a fili fetal, sai dum! Malam ya taka birki, mota ta ƙame, su duka su yi gaba.

"Me kuma ya faru?"

"Wani abu ya gifta."

"Inuwar turken lantarki ce, Malam. Jiya ma a nan ka taka."

A rana sai ya taka sau goma. Ya taka don inuwa, ya taka don leda, ya taka don tsuntsu ya tashi. Da can idonsa ne yake ba ƙafar umarni. Yanzu da idon ya rage, sai tsoro ya karɓi aikin, duk abin da ya faɗo cikin ɗan bututun nan nasa kwatsam, ƙafar ba ta jiran shawara. Rana ta goma sha takwas Maman Babba ta kashe mota, ta zare makulli ta ɗora masa a cinya.

"Ni kam na gaji. Mutum biyu ba sa tuƙa mota ɗaya. In ba ka so in iya ne ka gaya mini in koma kan kekena, ɗinkin mutane yana can ya taru."

"Wa ya ce ba na so?"

"Ƙafarka ta ce."

A hanyar komawa ba ta riƙe masa hannun riga ba, sai da suka zo bakin kwata ta kama shi.

Gaskiyar da bai gaya mata ba, bai ma gama gaya wa kansa ba, ita ce tana da kashi biyu. Na farko, ta yaya zai cire takalmi a kan tuƙin da ba ya gani? Shekara talatin bai taɓa sakin ɗalibi a kan zato ba, ba kuwa zai fara da uwar 'ya'yansa ba. Na biyun ya fi ciwo. Ita ce ɗalibarsa ta ƙarshe. Muddin ƙafarsa tana kan fedar nan, shi malami ne, yana da abin da yake fitowa yi da safe. Ranar da ya naɗe ta a kan kujera, ya zama tsoho mai ciwon ido da matarsa take kai wa asibiti. Ga shi in bai naɗe ba a yanka motar. Allah sarki Malam, duk inda ya juya abin da zafi, sai ya rame a tsaye, abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa.

Saura kwana uku wata ya ƙare, suna fili da hantsi. Ta ɗauko miƙaƙƙen layin da ke bin katangar masana'anta, inji yana tafiya sumul, Malam ya kafa ido a gaba, hanya fes ba komai.

"Ƙara giya," ya ce. "Sa ta uku."

Maimakon haka sai ya ji fedar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta gudu ta bar shi. Ta sauka ƙasa da kanta, tun bai taɓa ta ba. Taya ta yi ƙara, mota ta tsaya cak.

"Wa ya ce ki tsaya? Na ce ki..."

Bai ƙarasa ba. Wani dattijo mai tura baro cike da jarkokin ruwa ya shigo cikin ganinsa, daf da hancin motar, tazarar ba ta fi kamu ɗaya ba. Ta wata ɓarakar katanga ya fito, ta ɓangaren Malam, ta gefen tagarsa ma ya wuce. Dattijon ya tsaya yana haki, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, Maman Babba ta leƙo ta ce, "Ba komai, Baba, wuce abinka, sannu da aiki." Ya tura baronsa ya tafi, ruwa yana fallatsa.

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Tana nan a sama inda take kullum, a shirye, ba ta san an yi komai ba. Sau goma a rana tana taka birki don inuwa, yau da mutum ya zo da ransa da jarkokinsa, ko motsi ba ta yi ba.

"Tun yaushe kika gan shi?" ya tambaya a hankali.

"Tun da ya sako baron ta katanga. Na ɗauka zai tsaya, da na ga bai tsaya ba na taka." Ta dube shi. "Ba ka gan shi ba ko?"

"Ban gan shi ba."

Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan rigarsa da ya karkace, suka zauna inji yana kaɗawa. A karon farko a rayuwarsa Malam ya bar mota tana cin mai a tsaye bai ce a kashe ba.

Washegari bai ce a fito da mota fili ba. Ya samu Bakanike a rumfa ya ce ya ɗauko sifana.

"Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Fedar nan za ka cire mini."

Bakanike ya ajiye kofin shayinsa. "Malam, ni na ɗaura ta fa. Ka cire takalmi kawai mana, kamar yadda ka saba."

"Ko na cire, ƙafar nan ba ta jin magana. Wata rana a tsakiyar titi za ta taka don leda, babbar mota tana bayanmu. Cire ta, mutumina, tun ban sake shawara ba."

Notunan sun yi tsatsa, sai da aka zuba musu mai aka jira. Bakanike ya kwanta a ƙasan motar yana ta mita, wai shekara talatin ba a taɓa kawo masa aikin da ya ƙi jini irin wannan ba. Da ya gama ya fito da fedar da sandarta ya miƙa wa Malam. Robar kanta ta cinye a gefe ɗaya, daidai inda ƙafarsa take zama. Malam ya shafa wurin da babban yatsa, ya sa aka ajiye ta a bayan motar.

Ranar ƙarshen wata Babba ya zo gareji da safe, ya ce masu ɗaukar motar suna jiran wayarsa. Ya ga uwarsa a kujerar direba ta ɗaura bel, an manna jar alamar mai koyo gaba da baya, ubansa a gefe da takalmansa duka biyu a ƙafa. Ya duba takalman, ya sauke numfashi.

"Shiga baya," in ji Malam. "Yau titi za mu hau. Ka ce a fili kawai, na sani. Ga ka nan, in ka ga abin da bai yi maka ba ka ce a tsaya."

Babba ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shige baya, gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa, 'Yar Albarka ta ɗan durƙusa. Sai da ya leƙa gaba ya ga wurin fedar wayam, ramukan notuna huɗu kawai.

Maman Babba ta duba madubi, ta kunna sigina, ta duba gefe, ta sake dubawa, sannan ta hau kwalta. Suka wuce gidan mai, ma'aikatan suka miƙe suna nuna su da hannu. Suka wuce layin masu kayan gini. Malam yana zaune a sandare, hannayensa a kan gwiwa, yana jin motoci suna wucewa ta gefen da ba ya gani, kowace da iskarta. Da suka doshi shataletale, wata bas da ke gabansu ta ci birki ba sigina don ɗaukar fasinja, jajayen fitilunta suka cika masa ido.

Dum! Ƙafar Malam ta taka da duk ƙarfinta, ta sami ƙasan mota.

Motar ba ta ƙame ba, ba wanda ya yi gaba. Ta rage gudu a hankali, don Maman Babba ta riga ta ɗaga ƙafa daga totur tun kafin fitilun su kama, ta sauko giya ta biyu, ta duba madubi, ta zagaye bas ɗin ta shiga shataletale ta fita ta hanya ta biyu. Har ta samu sarari ta ce wa direban bas ɗin, "Allah ya shirye ka," ta taga.

Malam ya daɗe ƙafarsa tana manne da ƙasa. Sannan ya sunkuya. Igiyar takalmin ta ƙulle, sai da ya yi fama da ita. Ya zare takalmin ya ajiye a inda fedar take da, ya ɗago ƙafar ya naɗe ta a kan rigar kujerar da matarsa ta ɗinka, ya juya fuskarsa waje. Hawaye ne suke zuba, bai kuma share ba. A baya Babba ya ciro waya ya kashe ta gaba ɗaya, ya mayar aljihu, yana jan hanci kamar mai mura.

Maman Babba ba ta juyo ba, idonta yana kan titi, hannu biyu a sitiyari. Amma ta gani, da gefen ido.

"Malam," ta ce, "goben nan taka ta daɗe ba ta zo ba."

"Ta daɗe," ya ce. "Ki yafe mini."

"Na yafe. Yanzu ina za mu?"

Shekara talatin shi yake faɗin inda za a bi, dama ko hagu, tsaya ko tafi. Ya gyara zaman ƙafarsa a kan kujera, ya jingina kansa.

"Ke kike gani," ya ce. "Mu je."